Maje Mita da Haƙorin Kamshaf

Idan ka bi layin masu gyaran babur na Fagge, daf da inda titi zai miƙa da kai Sabon Gari, za ka ga wata rumfar kwano da ta fi sauran tsabta har abin ya so ya yi yawa. Rumfar Malam Maje ke nan, wanda 'yan layin ke kira Maje Mita, rabi don girmamawa rabi don tsokana. Siririn mutum ne, ya haura hamsin, gemunsa ya fara fari, kuma Allah ya yi shi da saurin tsaki. Ba mai zagi ba ne. Amma idan ya ɗaga kujerar babur ya tarar an murɗe waya da waya an naɗe da ledar burodi, tsakin da zai ja sai mai shayin tsallaken titi ya waiwayo.

A Kwaciri aka haife shi. Yana da shekara goma sha huɗu mahaifinsa ya damƙa shi a hannun Baba Kaka, wani Babarbare mai gyaran babur a bakin tashar jirgin ƙasa. A wancan zamanin duk Fagge babu mai hannun Baba Kaka. Da kunne yake gane ciwon inji tun mai babur bai gama tsayawa ba, kuma idan wani ƙarfe ya lalace aka rasa irinsa a kasuwa, sai ya samo wani ya ɗora a gwiwa, ya ɗauko magagarinsa ya yi ta guga har sai ya fitar da shi sak. Shekara goma sha ɗaya Maje ya yi a ƙarƙashinsa. Da ya tashi yaye shi bai sallame shi hannu rabbana ba, akwatin sifanu ya ba shi. Bayan shekara biyu kuma, da ya lura hankalin Maje da na 'yarsa Gumsu sun zo ɗaya, ya ɗaura musu aure. Daga ranar ubangida ya zama suruki. Maje bai ƙara zama a benci ɗaya da shi ba, bai ƙara cin abinci a gabansa ba, kuma ko Baba Kaka ya nuna jan babur ya ce shuɗi ne, iyakar abin da zai ji daga bakin Maje shi ne "To, Baba."

Shekarar da aka hana acaɓa a Kano, layin ya yi kamar an share shi. Wasu suka koma gyaran adaidaita sahu, wasu suka tattara suka koma ƙauye. Maje shi kuwa ya lura da wani abu daban. Manyan baburan da ake shigowa da su daga Kwatano ba su da kafireto, wata 'yar akwati ce a ƙarƙashin kujera take raba musu mai da wuta, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa. Sai ya sayi mitar auna wuta, ya liƙe wa wani tsohon ma'aikacin lantarki na reluwe har ya koyi karanta zanen waya. Mutum da iyalinsa ya koma ɗan koyo, 'yan layi suna yi masa dariya. Yanzu su ne ke turo masa duk abin da ya gagare su, bayan sun gama yi masa illa.

Illar ce kuwa ke ci masa tuwo a ƙwarya. Yana ƙyamar mai fere waya da haƙori. Yana ƙyamar mai ƙyasta waya a jikin ƙarfe don ya ga tartsatsi, wai shi a dole gwaji yake yi. Fiyus ya ƙone, maimakon a nemi dalili sai a cusa masa takardar cikin kwalin sigari. Amma duk cikin ɗabi'un layin babu wadda ya fi tsana kamar wannan: makanike ya ɓata aiki da hannunsa, mai babur ya zo, sai ya dube shi ido cikin ido ya ce ai kayan da aka sayo ne jabu. Mai shago yana can Sabon Gari bai ji ba bai gani ba, a nan an gama da sunansa. Maje kan ce shi a rayuwarsa bai taɓa ɗora wa kaya laifin hannu ba, kuma yakan faɗa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Wannan ne abin alfaharinsa, shi ne kuma ya sa ba kowane ɗaurin aure na layin ake gaya masa ba.

Ran wata Litinin da hantsi aka sauke masa wani ƙaton babur ɗan Japan mai silinda huɗu daga bayan a-kori-kura. Mai shi Malam Habibullah ne, mutumin Rijiyar Lemo, jami'in duba makarantu, wanda da babur ɗin yake zagaya ƙauyuka. Ya ce kwas ya tafi Abuja, ya bar wa ƙanensa babur lafiya lau in ban da wata 'yar ƙara da yake yi a kan inji. Ƙanen ya so ya burge shi, ya kai gyara. Tun daga nan babur bai ƙara tashi ba, sati uku yana yawo hannu-hannu, shi kuwa ƙanen don tsoro ya ce ya manta inda ya fara kai shi. Habibullah ya ce abu biyu yake so. Babur ya tashi, a kuma gaya masa takamaimai abin da ya kashe shi da wanda ya yi, don ya rantse sai ya kai mutumin gaban ƙungiyar makanikai an hana shi taɓa kayan mutane.

"An ce mini kai ba ka rufa-rufa," in ji shi.

Maje ya ce wanda ya gaya masa bai yi ƙarya ba.

Da ya cire tanki, abin da ya gani sai da ya sa ya ja baya ya zauna. An yanke waya a wuri goma sha ɗaya. Wani ya naɗe da baƙar leda, wani da fara, wani kuma da tsinken robar tayar keke. Wani gwani ya ja waya kai tsaye daga batir zuwa famfon mai har soket ya narke. Wani kuma, wanda Maje ya so ƙwarai ya ga fuskarsa, ya fara kwance kayan feshin mai da nufin ya liƙa wa babur ɗin kafireton tsohuwar mota. Kwana biyu cur Maje ya yi yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, yana haɗawa da dalma, yana tsaki. Mai shayi ya daina waiwayowa.

Ranar Laraba ya murɗa makulli ya danna sitata. Inji ya juya da ƙarfinsa amma bai kama ba. Wannan bai dame shi ba, don yanzu da waya ta koma daidai ƙwaƙwalwa ta samu bakin magana. 'Yar fitilar gargaɗi ta fara kiftawa, ya ƙirga kiftawar, ya duba littafinsa mai maiƙo. Amsar ita ce babu saƙo daga sensar kamshaf.

Ya yi wa Habibullah bayani a tsaye. Kamshaf sandar ƙarfe ce a can saman inji mai buɗe bawul tana rufewa. A jikinta akwai wani ɗan haƙori. Sensa kuwa wata 'yar baƙar aba ce da ba ta wuce babban yatsa ba, a dashe a murfin kan inji, bakinta na kallon ciki. Duk lokacin da haƙorin ya gifta ta gabanta sai ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, da shi ƙwaƙwalwa ke sanin lokacin da za ta saki mai da wuta. Idan saƙon bai zo ba, sai ta naɗe hannu ta zauna. Waya uku sensar ke da su, ɗaya na kawo wuta, ɗaya na mayar da ita jikin ƙarfe, ta ukun ita ce mai kai saƙo. Maje ya auna ta farko, wuta na nan. Ya auna ta biyu, lafiya. Ya bi ta uku tun daga soket har ƙwaƙwalwa, babu inda ta tsinke. Ya dasa mita a kanta ya danna sitata, lamba ko gizau. Sai ya yanke hukunci cewa masu wasa da tartsatsi sun ƙone sensar, ya cire ta ya jefa a gwangwanin tarkace.

Ya tsallaka Sabon Gari wajen Madam Nneka. A nan aka haife ta, shagon na mahaifinta ne ta gada, Hausarta kuwa in ba ka ga fuskarta ba sai ka ce 'yar Fagge ce. Shagonta ba babba ba ne, bai kai rabin na maƙwabtanta ba. Abin da take ci da shi kawai shi ne an san ba ta sayar da jabu, idan ba ta da na gaske sai ta ce maka babu. Shekara ashirin Maje yana sayen kaya a hannunta, ko sau ɗaya bai taɓa mayar mata da abu ba. Ta ce a ba ta kwana huɗu a kawo daga Legas, ran na huɗun kuwa ta kira shi.

Ranar da zai ɗaura sabuwar sensar, Habibullah ya zo da hular kwanonsa a hannu, a shirye yake ya hau ya tafi. 'Yan layi ma suka matso, har da Abdulƙahhar na rumfar kusa, wanda Maje ke zargin shi ne mai baƙar ledar nan. Maje ya ɗaura, ya jona soket, ya goge hannu a tsumma a tsanake don kowa ya gani. Ya danna sitata. Inji ya yi ta juyi, bai kama ba. Ya sake, har batir ya fara ja da baya. Fitilar nan ta ci gaba da kiftawa irin ta ranar Laraba, ba ƙari ba ragi. Babu wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi sauƙi. Abdulƙahhar dai ya ce a hankali, ashe mita ma tana yin ɓatan kai.

Kunya ta rufe Maje, kunyar kuma ta rikiɗe ta zama fushi. Ya fizge sensar, ya tsallaka titi da ƙafa, bai tsaya ko'ina ba sai gaban kantar Nneka. Lokacin kasuwa ta cika, makanikai uku suna tsaye suna jiran kaya. Ya dangwara mata sensar.

"Madam, ke ma kin fara? Jabu kika ba ni."

Ta ɗauka ta juya ta, ta dube shi. "Malam Maje, ka gwada ta a hannu kafin ka zo?"

Ya ce ba ita za ta koya masa aikinsa ba, ya kuma ƙara da wasu maganganu a kan masu shago da suke lalacewa idan sun ga an yarda da su. Ya faɗa da ƙarfi, irin yadda ya saba faɗar gaskiya. Nneka ta mayar da sensar cikin kwalinta ta ajiye a gefe, ɗaya daga cikin makanikan nan uku kuwa ya ajiye abin da ya ɗauka ya ce bari ya je ya dawo.

Tambayarta ce ta hana shi sakat. Washegari da sassafe, kafin layi ya cika, ya tona gwangwanin tarkace ya ciro tsohuwar sensar da ya ce ta ƙone. Ya jona ta a soket ba tare da ya ɗaura ta a inji ba, ya murɗa makulli, ya dasa mita, sannan ya ɗauki sifana ya gifta ta gaban bakinta. Lamba ta yi tsalle. Ya janye sifana, ta koma. Ya sake giftawa, ta sake tsalle. Sau bakwai ya yi, yana fatan ko sau ɗaya ta ƙi. Tsohuwar sensar lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa mutuwa ba. Gwajin da bai fi minti biyu ba, wanda da wani ne ya tsallake shi da Maje ya yi sati yana yi masa tsaki, shi ne ya tsallake har sau biyu. Ya ji ƙyamar kansa irin wadda bai taɓa ji wa mai ledar burodi ba.

Idan sensa na gani, waya na kai saƙo, to abin da za ta gani ne babu. Ya haska tocila a ramin da take zama, ya riƙa juya inji da hannu a hankali. Ƙarfe sumul ne ke ta wucewa, babu abin da ya taso. Ya kwance murfin kan inji ya ɗaga.

Haƙorin ba karyewa ya yi ba, ba kuma cinyewa ya yi ba. Goge shi aka yi. Inda yake a da sai ƙyalli, an daidaita shi da jikin sandar yadda ko farce ba zai kama ba. An bi da guga ta dama, an bi ta hagu, an kashe kaifin gefe, sannan an rufe da sara uku a karkace, marasa nauyi. A duk tarkacen da aka yi wa babur ɗin, wannan kaɗai ne aiki mai kyau. Maje ya san hannun tun kafin ya yarda ya sani, don shekara goma sha ɗaya ya yi yana kallonsa, kuma shi kansa haka yake rufe gugarsa. Hannun Baba Kaka ne. Dattijon ya ji ƙara, ya buɗe, ya ga ɗan ƙarfe ya taso yana wucewa daf da wata baƙar aba, ya ɗauka shi ke gogar ta, sai ya yi abin da ya fi iyawa a duniya. Maje ya mayar da murfin ya rufe kamar wanda ya leƙa ɗakin da bai kamata ba.

Da ya koma gida cin abincin rana ya tambayi Gumsu ko kwanan nan an kai wa Baba wani babban babur. Ta ce ƙwarai, sati uku ko huɗu da suka wuce, har ya yi kwana biyu yana ba da labari, yana cewa ashe har yanzu ana tunawa da shi. Da Maje ya gaya mata abin da ya gani da ƙazafin da ya yi wa Madam Nneka, sai ta ajiye ludayi. Ta ce idon Baba ya yi rauni, masu kawo masa aiki ba su fi a ƙirga da yatsu ba, rumfar nan ce kawai ke fitar da shi daga gida. Idan aka kai shi gaban ƙungiya, yara sa'o'in jikokinsa suka zauna suna yi masa tambayoyi, to an gama da shi.

"Malam, ka rufa masa asiri," in ji ta. "Ita Madam ɗin ai tana da ƙarfinta, magana ce za ta wuce."

Maganar kuwa ba ta wuce ba. Kafin la'asar ya ji cewa makanikai biyu sun mayar wa Nneka da kaya, kuma Habibullah da kansa ya je ya yi mata barazana da shugabannin kasuwa. Tunda Maje Mita ne ya faɗa, kowa ya ɗauka an auna. Abdulƙahhar, wanda ya ga an buɗe murfi an rufe kuma ba yaro ba ne, ya leƙo da fara'ar da bai taɓa yi wa Maje ba. Ya ce ko me ya gani a ciki ya gyara abinsa shiru, ya bar magana a kan sensa, ai haka kowa ke yi. Har da dafa masa kafaɗa. Wannan dafawar ta fi komai ɓata wa Maje rai, don ya gane maraba ake yi masa da shigowa cikinsu.

Maje ya ciro kamshaf ɗin ya naɗe a tsumma, ya kira Habibullah ya ce su haɗu a shagon Madam. Ya zaɓi daidai lokacin da ya yi mata tijara jiya, ya tsaya daidai inda ya tsaya. Ya ce jama'a su shaida, kayan Madam na gaske ne, shi ne bai gwada ba ya zo ya yi mata ƙazafi, yana neman ta yafe masa. Muryar da ya zage ta da ita, da ita ya ba ta haƙuri. Nneka ta ce ta yafe, amma fuskarta ba ta saki ba, shi ma bai ga laifinta ba.

Sai Habibullah ya tambayi abin da Maje ya san zai tambaya. In ba sensa ba ce, mene ne, kuma wa ya yi? Maje ya warware tsumma ya nuna masa inda haƙori yake a da. Ya ce tsufa ne, babur ɗan Kwatano, ƙarfe ya gaji ya cinye, babu hannun kowa. Maganar ta fita sumul, abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan, ashe shi ma ya iya. Habibullah ya gyaɗa kai, ya ce tunda shi ya faɗa shi ke nan. Nneka ta karɓi sandar don ta ɗauki lambarta ta sa a nemo wata. Ta shafa wurin da babban yatsa, ta sake shafawa, sannan ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Ƙarfe ba ya cinyewa da kyau haka, Malam Maje."

Ta rubuta lambar ta miƙa masa sandar.

Kwana shida aka yi kafin wani kamshaf ɗin ya iso, tsoho amma mai lafiya, da ɗan haƙorinsa a tsaye. A cikin kwanakin nan Maje ya je gaida Baba Kaka sau biyu, yana zuwa da niyyar ya ɗan yi masa hannunka mai sanda, yana durƙusawa sai bakinsa ya mutu. Dattijon ya ji labari a gari cewa wani babban babur ya ba Maje kunya har ya je ya ba mace haƙuri a kasuwa. Bai san cewa babur ɗin da ya taɓa ne ba. Ya yi masa faɗa a hankali, ya ce ya rage dogaro da mitar nan, 'yar akwatin mai lamba, inji ido yake so da kunne. Maje ya ce, "To, Baba." Yana fitowa ya tofar da yawu a kwata, ba don dattijon ba, don kansa.

Ranar da kamshaf ɗin ya iso, Maje ya wanke shi da fetur ya shimfiɗa a kan benci, aka kira la'asar ya tafi masallaci. Yana dawowa, tun daga bakin rumfar Abdulƙahhar ya jiyo wata ƙara da ya sani tun yana yaro, ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, a natse, ba gaggawa. Ya ƙara sauri. Baba Kaka ne zaune a kan bencinsa, ya zo taimaka wa yaronsa da aikin da ya gagare shi. Ya ɗora sabon kamshaf a gwiwa, ya kawo fuskarsa kusa da shi sosai saboda ido, magagari na hannunsa.

"Ka gani ko," in ji shi ba tare da ya ɗago ba. "Masu ƙera su ne ba sa gama aiki. Kwanan baya ma na samu irin wannan ƙarin a wani, sai da na share shi. Bari in raba ka da shi."

Maje bai san lokacin da ya kama wuyan hannunsa ba. Tun da ya auri Gumsu bai taɓa taɓa jikin mutumin nan ba sai a musabaha, ita ma da hannu biyu, kai a sunkuye. Hannun ya ji shi ba nauyi, duk ƙashi. Baba Kaka ya dubi yatsun da suka riƙe shi, sannan ya ɗago ya dubi Maje. Har Abdulƙahhar ya daina buga abin da yake bugawa.

"Baba, a ajiye magagarin," in ji Maje. "Ba ƙari ba ne. Da shi injin ke tashi."

Ya durƙusa, bai saki hannun ba, ya yi masa bayani da ƙaramar murya, irin bayanin da ya yi wa Habibullah, sai dai wannan karon kowace kalma sai da ya jawo ta. Ya ɗauko tsohuwar sandar daga ƙarƙashin benci ya ajiye kusa da sabuwar. Dattijon ya lalubi sabuwar, ya ji haƙorin, gefe ɗaya kawai magagari ya ɗan lasa. Ya lalubi tsohuwar, yatsansa ya bi ta kan wurin nan mai sumul, ya tsaya a kan sara ukun. Ya waiwaya ya dubi babur ɗin da ke tsaye ba tanki, ya ƙura masa ido har ya gane shi.

"Sati nawa yana kwance?"

"Biyar ke nan, Baba."

"Matar nan da ka je ka ba haƙuri, a kan wannan ne?"

"A kansa ne."

"Ka sani tun yaushe?"

Maje ya ce kwana shida. Baba Kaka ya gyaɗa kai a hankali. Bai yi faɗa ba, da ya yi da Maje ya samu sauƙi. Ya ce kawai, ashe har ya kai lokacin da ake ɓoye masa aikin hannunsa kamar yadda ake ɓoye wa mara lafiya sunan ciwonsa. Ya ce a gaya wa mai babur gaskiya, in ƙungiya ce ta kira shi zai je da ƙafarsa. Ya naɗe magagarin a tsummansa ya sa a aljihu, ya ce a tsayar masa da adaidaita. Maje ya so ya raka shi, ya ɗaga masa hannu ya ce ya koma kan aikin mutane.

Kafin magariba Maje ya ɗaura kamshaf, ya daidaita sarƙar da ke juya shi, ya mayar da tsohuwar sensar nan da ya tono daga gwangwani. Danna ɗaya inji ya kama, silinda huɗu suka ɗauka a tare, fitilar gargaɗi ta mutu. 'Yan layi suka taru suna cewa sai Maje Mita. Ko tsaki bai iya ja ba. Ya kashe injin, ya kira Habibullah ya gaya masa komai, da sunan wanda ya yi da dangantakarsu, da ƙaryar da shi kansa ya yi masa a gaban shagon Madam. Habibullah ya ce shi ba zai kai sa'an kakansa ƙara ba, a bar maganar.

Da safe Maje ya biya ta bakin tashar jirgin ƙasa don ya kai wa Baba Kaka wannan albishir. Ya tarar da rumfar a rufe, bencin a kife a ciki. Mai goron da ke gefe ya ce tun da yake zama a wurin bai taɓa ganin rana ta fito ta riga dattijon ba. Maje ya zauna a kan dakali ya jira har azahar. Washegari ma ya dawo ya jira.